Focusmate: sharhi kan shafin zaman rakiya ga manya masu ADHD da otizim

Babban mutum mai ADHD, wato larurar da ke sa wahalar tsayar da hankali a kan abu ɗaya, ba ya rasa sanin abin da ya kamata ya yi. Takardar neman aiki tana buɗe a kwamfuta tun safe, ya san layin farko da zai rubuta, amma har la'asar hannu bai kai ba. Wannan cijewa a bakin farawa ita ce Focusmate ya zo ya magance. Taylor Jacobson ne ya kafa shi a Amurka a 2016, kuma dabararsa ba ta da wani surkulle: a haɗa ka da wani baƙo ta bidiyo, kowa ya faɗi abin da zai yi, sannan kowa ya duƙufa a kan nasa, abin da muke kira zaman rakiya ke nan. Ba gayya ba ce, don ba gona ɗaya ake nomawa ba. Ya fi kama da shagon teloli, kowa da kekensa da ɗinkinsa, amma ƙarar keken na kusa da kai ta isa ta hana ka miƙe ƙafa.

Ana yin rajista da imel, ana shiga ta burauza. Za ka ga jadawali, zama yana farawa duk bayan minti 15, dare da rana. Tsawon zama iri uku ne: minti 25, 50 ko 75. Ka zaɓi lokaci, ka nuna ko aikin tebur ne ko na zirga-zirga kamar shara da wanke-wanke, shafin ya nemo maka abokin zama. Idan lokaci ya yi, sai gaisuwa a taƙaice, kowa ya faɗi ƙudurinsa, da yawa su kan rubuta shi a akwatin saƙo. Daga nan an fi kashe makirfo, amma kyamara tana nan a kunne har ƙarshe. Ƙararrawa na bugawa, kowa ya faɗi inda ya kai, a yi sallama. Zama uku a mako kyauta ne. Wanda ke son fiye da haka sai ya biya kuɗin wata ko na shekara, da dala.

Inda shafin ya ci tuta shi ne alƙawarin. Ƙararrawar waya ana iya kashe ta a ci gaba da kwanciya, amma mutum da ke jiran ka ƙarfe 9:00 daidai wani abu ne daban, kunya kaɗai ta isa ta zaunar da kai. Sannan faɗin aikin da baki yana tilasta maka yanka shi gunduwa-gunduwa. A nan ne sababbi suke tuntuɓe. Wanda ya ce "zan yi aikin digirina" zai ƙare minti 50 yana buɗe fayil yana rufewa, domin ƙudurin ba shi da bakin kamawa. Wanda ya ce "zan karanta shafi 6, in fitar da bayani 3 daga ciki" ya san inda zai sa hannu a minti na farko. Shawararmu ita ce a rubuta matakai uku kafin a shiga, na farkon ya zama wanda bai wuce minti biyar ba, a kuma ajiye waya a wani ɗaki. Kyamara fuskarka take gani, ba ta ganin allonka, don haka mai niyyar shiga WhatsApp babu mai hana shi.

Kuskure na biyu shi ne zumuɗin makon farko. Mai ADHD in ya samu sabon abu da ya yi masa aiki, sai ya biya kuɗin shekara, ya jera zama takwas a rana ɗaya, ran na uku ya gaji ya fara saɓa alƙawari. Shafin kuma yana lura da makara da rashin zuwa, kuma ga mai saurin jin zafin gazawa wannan kaɗai na iya sa ya ƙaurace gaba ɗaya. Gara a fara da ukun nan na kyauta, na minti 25, a kan aikin da aka fi gudu. Bayan wata guda, in har yanzu ana zuwa, sai a yi maganar biya.

Ga masu otizim, larurar da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da mutane, lissafin ya ɗan bambanta. (Kafafen labarai kan ce galahanga, amma a bakin mutane kalmar ta haɗa larurori da dama, shi ya sa muka bar ta.) Abin da ke gajiyar da da yawansu a taron jama'a shi ne hirar da ba a san inda za ta nufa ba. A nan kuwa tsarin ɗaya ne kullum, maganar ba ta wuce minti ɗaya ko biyu, ba a bukatar kallon ido, har akwai zaɓin zaman shiru inda ake gaisawa a rubuce. Wahalar ita ce sabuwar fuska a kowane zama, da kyamarar da ke sa wasu su riƙa danne motsin jikin da ke kwantar musu da hankali. Maganin na farko yana cikin shafin: wanda ka ji daɗin zama da shi ka sa shi cikin waɗanda ka fi so, ka riƙa neman lokacinsa. Na biyun sai dai a matsar da kyamarar gefe, a rage girman hoton. Mutane da yawa suna da larurorin biyu a haɗe, kuma sai a 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya amince a tabbatar wa mutum ɗaya duka biyun. Irin waɗannan su kan so tsari tsayayye, su kuma gundura da shi, don haka canza tsawon zama lokaci-lokaci yana taimakawa.

Dokokin shafin sun hana talla da neman soyayya, akwai maɓallin kai ƙara da na toshe mutum, akwai kuma zaɓin jinsin abokin zama, abin da zai yi wa mata da yawa daɗi. In abokin zama bai zo ba, ana ƙoƙarin haɗa ka da wani.

Mai shiga daga Kano ko Maraɗi sai ya yi nasa lissafin. Bidiyo ne daga farko har ƙarshe, yana shan data, kuma in sabis ya yanke ko aka ɗauke wuta, ɗayan yana can yana kallon hoton da ya daskare. A cika caji tukuna, a duba ma'aunin data kafin zama ɗaya da bayansa don a san abin da mako zai ci. A duba lokacin salla kafin a zaɓi na minti 75, musamman da yamma. Gaisuwar da Turanci ake yi, amma jimla uku sun wadatar.

Abin da Focusmate ba ya bayarwa shi ne abin da ƙungiyar 'yan uwa masu larura ɗaya take bayarwa. Ba a tambayar ka larurarka, abokin zamanka wataƙila akanta ne da ke haɗa rahoto, kuma ba wurin da za ka ce maganin da likita ya ba ka yana hana ka barci, ko maigidanka a ofis ya ɗauke ka malalaci. Masu neman wannan su duba zaurukan intanet na ƙungiyar ADDA ga manya masu ADHD, ko na ƙungiyar AANE ga masu otizim, dukansu a Amurka. Sai dai taron da aka sa ƙarfe 7 na yamma agogon New York, a Najeriya da Nijar sha biyun dare ne ko ɗayan dare, gwargwadon watan da ake ciki. Binciken kimiyya a kan zaman rakiya shi ma bai yi yawa ba tukuna, yawancin shaidar daga bakin masu yi ne, kuma bai maye gurbin ganin likita ba. Amma ga cike fom, amsa saƙonnin da suka taru, ko ninke wankin da ya kwana huɗu a kan kujera, zama ukun kyauta sun isa mutum ya gane ko da shi aka yi abin.