OpenStack da Ceph a kamfaninmu na Yamai: ya biya, amma ba kyauta ba ne

Abokan sana'a a nan Yamai sun sha tambayata ko girgijen da muka gina wa kanmu ya biya kuɗinsa. E, ya biya. Sai dai ba ta ƙofar da masu riƙe da kuɗin kamfani suka sa ido ba, kuma duk wanda ya shiga wannan aiki don ya ji an ce manhajar kyauta ce, zai sha wuya. Ina aiki a sashen kwamfuta na wani babban kamfanin rarraba kaya mai rassa a Maraɗi, Damagaram da Tawa. Lissafin kaya, albashi, faktir ɗin kwastomomi da wasiƙun ma'aikata, duk yanzu suna zaune a kan OpenStack da Ceph, a cikin ɗaki ɗaya da makullinsa yake hannunmu.

Ga wanda bai san shi ba, OpenStack buɗaɗɗiyar manhaja ce da kamfanin Rackspace da hukumar NASA ta Amurka suka fito da ita a 2010. Tana tattara sabobi masu yawa, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da ayyukan kamfani, ta mayar da su tafki guda, kowane sashe ya ɗebi kwamfuta, wurin ajiya da rezo gwargwadon buƙatarsa, kamar yadda ake yi a Amazon ko Microsoft, amma injinan naka ne. Cibiyar binciken CERN da ke Jeniba tana aiki da ita tun 2013, don haka ba abin gwaji ba ne. Ceph kuwa shi ke riƙe da bayanan a kan diski.

Ba son sabon abu ne ya kai mu ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya dakatar da hada-hadar kuɗi da kasuwanci da Nijar, ba a ɗage shi ba sai 24 ga Fabrairu 2024. A watannin nan, biyan kowace faktir ta waje ya zama aiki. Ana cikin haka kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware, mai sayar da manhajar da ke raba saba ɗaya zuwa kwamfutoci da yawa, a Nuwamba 2023, aka daina sayar da lasisin dindindin, aka koma biyan kuɗin shekara-shekara ana ƙirga shi da ƙwayoyin ƙwaƙwalwar saba. Kamfanoni a duniya duka suka fara sake lissafi. Sai kuma 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka katse a gaɓar Kot-Dibuwar. Mu da ba mu da teku, ta ƙasashen maƙwabta intanet ɗinmu yake bi. A lokacin wasu ayyukanmu suna girgijen haya a Turai. Mai karɓar kuɗi yana zaune a Yamai, kwastoma yana tsaye a gabansa, bayanin da zai raba su yana can wata nahiya. Bayan wannan ba mu ƙara shan wahalar shawo kan direkta ba.

Wahalar da muka sha da shi ta daban ce. Ranar da na kai masa takardar kasafi, ya duba jimillar ya ɗago kai ya ce, "Malam, ba kai ka ce mini abin nan ba a sayensa ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, manhajar ba a sayenta. Amma ƙarfen da za ta hau, da kuran da za ta ci, da mutanen da za su kwana da ita, duk na kuɗi ne." Har yau wannan ce maganar da nake fara gaya wa duk wanda ya zo neman shawara.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne sauƙin da ya shigo aikin yau da kullum. A da in sashen lissafi yana son sabuwar kwamfutar gwaji, sai an rubuta takarda, ta bi biro-biro, a jira. Yanzu mai buƙata ya buɗe shafin Horizon, ya zaɓi girman da yake so, kafin ya gama shan shayi ta tashi. Kowane sashe yana da iyakar abin da zai iya ɗiba, Keystone yana tantance wane ne wane, ba wanda zai leƙa kayan wani. In za mu gyara wata saba, sai mu kwashe kwamfutocin da ke kanta zuwa wata suna cikin aiki, ma'aikacin Damagaram da ke buga faktir bai ma san an yi ba. Mun daina zuwa biro ranar Lahadi don kawai mu canza wani ƙaramin abu.

Ceph ya cancanci yabo na musamman. Yana ajiye kowane bayani sau uku a sabobi daban-daban, kamar manomin Adar da ba ya zuba hatsin shekara a rumbu ɗaya. Wata safiya na shiga ɗakin sabobi na tarar da fitila mai ruwan goro tana ƙiftawa a gaban wani diski. Ya mutu cikin dare. Na duba allo, ga HEALTH_WARN, wato gargaɗi, ga lambobi suna ta raguwa: Ceph ya riga ya fara kwafe abin da ya ɓata daga sauran kwafi biyun zuwa wasu diskoki. Kafin azahar ya koma HEALTH_OK. Ba wanda ya kira waya, ba wanda ya rasa ko layi ɗaya. Muka zare mataccen muka sa sabo, shi ke nan. Wanda ya taɓa kwana yana addu'a a gaban tsohuwar saba mai diski ɗaya zai gane abin da nake nufi.

Amma wannan kwanciyar hankali da tsadarta. Kwafi uku yana nufin in ka sayi terabait 90, abin da za ka mora 30 ne. Ko 30 ɗin ma ba za ka cika ba, don Ceph yana fara gargaɗi idan diski ya kai kashi 85 cikin 100, ya ƙi karɓar rubutu a kashi 95. Yana kuma son rezo mai faɗi tsakanin sabobin, gigabit 10 a ƙalla, in ba haka ba ranar da yake gyaran kansa kowa zai ji a jikinsa. Ga shi kuma ba a sayen waɗannan kaya a Babbar Kasuwa. Tun da iyakar Benin ta rufe, kaya masu nauyi sai sun zagayo ta Lome su ratsa Burkina, ko a biya kuɗin jirgin sama, sannan a bi layin duwan. Alkawarin da masu sayarwa ke yi na kawo kayan gyara washegari, na Turai ne. A nan dole ka sayi diski da akwatin wuta da katin rezo na ko-ta-kwana ka ajiye a kabad.

Kuran shi ne babban abokin gabar wannan tsari, kuma littattafan OpenStack ba su ba shi muhimmanci ba, don waɗanda suka rubuta su ba su san Afrilun Yamai ba. Kowa ya tuna yadda aka yi lokacin da Najeriya ta yanke layin Birnin Kebbi a farkon Agustan 2023, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage zafi, amma bazara bazara ce. Wani dare cikin tsananin zafi wuta ta ɗauke, gurup ya ƙi kamawa, batiran ondilar kuwa zafi ya riga ya cinye ƙarfinsu. Batirin darma yana rasa kusan rabin rayuwarsa duk lokacin da zafin ɗaki ya ƙaru da digiri 10 a kan 25. Sabobi uku da ke jagorantar girgijen suka mutu tare. Da wuta ta dawo, kwamfutoci suka kunnu, amma girgije bai tashi ba. Rumbun bayanan MariaDB da ke haɗe da Galera, mai daidaita kwafinsa a sabobin uku, ba ya yarda ya tashi bayan irin wannan faɗuwa sai an gano wace saba ce ke riƙe da rubutu na ƙarshe, an fara tayar da ita. RabbitMQ, mai kai saƙo tsakanin sassan, shi ma sai an lallaɓa shi. Wani matashi a cikinmu yana zaune a ƙasa da kwamfuta a cinya, gumi yana ɗiga a haɓarsa don kilim bai gama sanyaya ɗakin ba, ya ce, "Yaya, ta biyu ce ke gaba, daga ita za mu tayar." Da umarnin farfaɗowa na Kolla-Ansible, manhajar girka OpenStack, muka dawo da komai kafin a buɗe rassa. Bayanai ba su ɓata ba. Amma da ba shi a wurin, ko wani mai irin saninsa, da kamfani ya wuni a rufe, kuma ba lambar wayar kowa da za a kira a ce zo ka gyara.

Wannan shi ne ainihin farashin OpenStack: mutane. Matasanmu da suka fito daga Jami'ar Abdou Moumouni, EMIG da IAI suna da kai, kuma da yawa sun iya Linux. Amma da Faransanci suka yi karatu, bayanan OpenStack kuwa kusan duka da Ingilishi suke, haka ma tattaunawar masu gyara shi. Sashen rezo, Neutron, shi ya fi ba mu ciwon kai. Fakitin bayanai ɗaya ya ɓata, sai ka bi shi ta gadoji da ramuka na manhaja kafin ka gano inda ya maƙale. Yaro ba ya ƙwarewa a wannan cikin wata biyu. In ya ƙware kuma, bankuna da kamfanonin waya da ƙungiyoyin waje suna nan suna jira da albashi mai tsoka. Ina ganin kuskure ne babba kamfani ya kashe miliyoyin sefa a kan ƙarfe sannan ya yi ƙwauron ƙarin albashi ga mutum uku da ƙarfen ya dogara da su. Kuɗin lasisin da aka daina turawa waje, a nan ya kamata wani kaso nasa ya sauka, kuma ni wannan ne ya fi yi mini daɗi a lamarin: kuɗi suna zama a Yamai, ilmi ma yana zama.

Sabuntawa ma aiki ne da ba ya ƙarewa. Kowane wata shida sabon fitowar OpenStack yake zuwa, kowane da sunansa. Tun daga Antelope na 2023 an sassauta, ana iya tsallake ɗaya a riƙa hawa sau ɗaya a shekara, daga Antelope zuwa Caracal na 2024, daga nan zuwa Epoxy na 2025. Duk da haka sai ka tanadi ƙaramin girgijen gwaji da za ka fara sabuntawa a kai. Wanda ya yi sakaci ya bar nasa shekara uku, zai tarar hanya ta yi nisa.

Ta fuskar doka mun sami sauƙi. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da ke sa ido, kuma fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa yana da sharuɗɗa. Yanzu in aka tambaye mu ina bayanan ma'aikata da kwastomomi suke, ɗakin za mu nuna.

Ba kowane kamfani nake ba shawarar OpenStack ba. In sabobinka ba su da yawa, mutum ɗaya ko biyu ke kula da su, kuma ba sassa da yawa ke neman ɗiban kwamfuta da kansu ba, Proxmox zai ishe ka. Wani kamfanin Biyana a Ostiriya ke yin sa tun 2008, shi ma buɗaɗɗe ne, yana tafiya da Ceph, ana iya sayen tallafinsa, kuma mai matsakaicin sani zai girka shi cikin yini. OpenStack na wanda girmansa ya kai ne, mai rassa da sassa da masu rubuta manhaja, wanda zai iya riƙe ƙwararru uku aƙalla, don ɗaya zai yi rashin lafiya, ɗaya zai tafi hutu ko aikin hajji.

Abu ɗaya da har yanzu nake matsa wa shugabannina a kai shi ne wurin ajiya na biyu. Kwafi ukun Ceph suna kare mu daga mutuwar diski, ba sa kare mu daga gobara, ko ma'aikacin da ya goge abu, ko ɓarayin intanet masu kulle bayanai su nemi fansa. Abin da aka goge, a duka ukun ake goge shi. Muna ɗaukar kwafi kullum dare zuwa wata na'ura daban, amma gininsu ɗaya da girgijen. Na nemi a ba mu ɗaki a reshenmu na Tawa, nisan fiye da kilomita 500, da kilim da batira da farantan hasken rana nasa, kwafin ya riƙa tafiya can da dare lokacin da layi ba cunkoso. Takardar tana kan teburin direkta, za a duba ta a kasafin shekara mai zuwa.