Gargaɗi kan wani mai sayar da tafiyar hutu ta bogi zuwa tsibirin Réunion

Ina rubuta wannan ne domin in ja kunnen duk wanda ya ci karo da wata talla da ke yawo a Instagram da zaurukan WhatsApp, wadda ke alƙawarin hutun mako guda na wasannin kasada a tsibirin Réunion a kan farashi mai rahusa. Ƙanena da abokansa biyu sun biya rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, kuma tun ranar da kuɗin ya shiga asusun mutumin, lambarsa ta daina shiga, shafin nasa kuma ya sauya suna ya ci gaba da farautar wasu.

Tsibirin dai gaskiya ne, haka ma wasannin, kuma da wannan gaskiyar ce ake rufe ƙaryar. Réunion yanki ne na ƙasar Faransa a Tekun Indiya, gabas da Madagaska, da yuro ake ciniki a can, kuma a nan ne dutsen Piton de la Fournaise yake, mai tsayin mita 2,632, ɗaya daga cikin duwatsun da suka fi yawan aman wuta a duniya. Ana tashi da laima daga tuddan Saint-Leu, ana sauka cikin kwazazzabai da igiya a yankin Cilaos. Mutumin ya haɗa hotunan waɗannan wurare da hoton masallacin Noor-e-Islam na birnin Saint-Denis, wanda aka buɗe a 1905, domin ya kwantar da hankalin Musulmi, abin da ya fi komai ɓata mini rai a cikin lamarin.

Da na zauna na karanta takardar tsarin tafiyar da ya turo musu, sai na ga cewa wanda ya rubuta ta bai taɓa taka tsibirin ba. Ya ce mota za ta kai su masauki a cikin Mafate, alhali babu hanyar mota ko ɗaya da ke shiga wannan kwari. Mazauna wurin da baƙinsu da ƙafa suke shiga, ko kuma a jirgi mai saukar ungulu. Ya ce za su yi wasan sululu a kan igiyar ruwa a duk gaɓar da suka ga dama, alhali tun 2013 hukuma ta haramta wannan wasa da ma iyo a wajen wuraren da aka keɓe, saboda hare-haren kifin shak da suka halaka mutum 11 tsakanin 2011 da 2019. Ya kuma ba su tabbacin tsayawa a bakin ramin dutsen a rana kaza, ko da yake hukuma kan rufe ƙofar shiga kwarin dutsen da ke Pas de Bellecombe da zarar na'urori sun nuna alamar aman wuta, don haka jagora na ƙwarai ba ya ɗaukar irin wannan alƙawari.

Babbar ƙaryar tana wajen biza. Ya karɓi ƙarin kuɗi da sunan zai samo musu bizar Shengen, wato biza guda da ke ba da damar shiga ƙasashen Turai da dama, yana cewa ai tsibirin na Faransa ne. Réunion ba ya cikin yankin Shengen, kuma bizar gajeren zama da ɗan Najeriya ke samu domin zuwa Faransa ba ta shigar da shi tsibirin. Dole ne matafiyi ya nemi wadda aka rubuta a jikinta cewa tana aiki a can, kuma ofishin jakadancin Faransa ne kaɗai ke bayar da ita. Ko da a ce mutumin ya samo abin da ya ambata, da a filin jirgi za a mayar da su.

Akwai hanyar tantancewa wadda ba ta cin ko kobo. Dokar Faransa ta wajabta wa duk kamfanin da ke sayar da tafiyar hutu ya yi rajista da hukumar Atout France, ya kuma nuna lambar rajistarsa, wadda kowa zai iya dubawa a intanet. Haka nan duk mai karɓar kuɗi domin tashi da mutane a laima ko saukar da su kwazazzabo dole ne ya mallaki katin sana'a na malamin wasanni. Mutumin ya yi iƙirarin cewa shi wakilin wani kamfani ne na tsibirin, amma da aka tambaye shi lambar rajistar sai ya ce gurbi biyu kacal suka rage, a hanzarta biya kafin dare, kuma asusun da ya bayar na mutum ne, ba na kamfani ba.

Mun kai ƙorafi banki, mun kuma miƙa wa hukumar EFCC rasiɗan biyan kuɗi da hotunan hirarrakin. Duk wanda ya riga ya tura wa mutumin kuɗi, ya adana waɗannan shaidu, ya sanar da bankinsa a yau, domin ana hanzarta kwashe irin waɗannan kuɗaɗe zuwa wasu asusun.