Hattara da mai tallan "hoton Titanic a New York"

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani mutum da ke yawo a shafukan cinikin kayan tarihi, yana tallan tsofaffin hotunan manyan jiragen ruwa na fasinja a gaban dogayen benayen New York. Cewa yake gado ne daga kakansa da ya yi aiki a tashar jiragen ruwa. Na faɗa hannunsa, dala 140 ta salwanta, kuma har yau yana nan yana talla, suna kawai ya sauya.

Wanda ya fi zuzutawa shi ne wai hoton Titanic tana shiga New York, ga benen Empire State a bayanta. Don Allah ku duba lissafin. Titanic ta nutse ne ranar 15 ga Afrilu, 1912, a tafiyarta ta farko, ba ta taɓa isa New York ba. Jirgin Carpathia ne ya kai waɗanda suka tsira, mutum ɗari bakwai da 'yan kai. Shi kuwa Empire State sai 1931 aka kammala shi, shekara 19 bayan haka. Jirgin da ke cikin hoton 'yar'uwarta ce, Olympic, wadda ta yi ta zirga-zirga tsakanin Ingila da Amurka daga 1911 zuwa 1935. Kamarsu ɗaya, kowace da bututu huɗu, sai dai a Titanic an rufe rabin gaba na barandar sama da tagogin gilashi, ta Olympic kuwa a buɗe take har ƙarshe.

Wannan ban saye shi ba. Ni na Normandie na saya, jirgin Faransa na 1935 wanda gobara ta cinye a tashar New York a 1942, domin na jima ina sha'awarsa. Da na buɗe ambulan, ƙanshin shayi ne ya fara dukan hancina. An jiƙa takardar ne don ta yi ja kamar ta tsufa, har da tabon da ya bushe a gefe. Na sa gilashin ƙara girma a kan hayaƙin jirgin, sai ga ɗige-ɗigen tawadar firinta, shuɗi da ja da rawaya. Hoton da aka wanke a wancan zamani ba shi da wannan, sumul yake. Na haska fitilar duba jabun kuɗi, bayan takardar ya ɗauki shuɗin haske, alhali sinadarin da ke sa haka bai shiga takardar hoto ba sai wajajen 1950. Hatimin da ke baya ma bugun kwamfuta ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai, irin waɗannan hotuna dubbai ne a shafin Ɗakin Karatun Majalisar Dokokin Amurka, da yawansu kyauta kowa ke saukewa. Sayar da kwafi ba laifi ba ne in an faɗa kwafi ne. Shi rantsuwa ya yi mini cewa na asali ne.

Kafin ku tura ko sisi, ku nemi hoton bayan takardar da na kusa-kusa, ku binciki shekarar kowane bene da ya fito a ciki. In ya ce ku yi sauri wani na jira, ko ya nace sai ta hanyar da kuɗi ba ya dawowa, ku rabu da shi. Ni da na nemi haƙƙina, toshe ni ya yi.