Yoyon gas da yoyon ruwa, wanne za ki fara bi?

'Yar uwa kin ce bil ɗin gas da na ruwa duk sun hau a wata ɗaya alhali ba abin da kuka canza a gidan, kina tambaya ko yoyo ne, in kuma shi ne wanne za ki fara dubawa. Toh ni dai gas zan ce, ko da kuwa bil ɗin ruwan ne ya fi ɓata miki rai, don na ruwa zai iya jiran gobe, na gas ba ya jira.

Gas ɗin nan da ake jawowa ta bututu yawancinsa metan ne, kuma asalinsa ba wari ba kala, kamfani ne ke zuba masa wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai don hanci ya kama. Ba haka kawai aka fara ba fa, a 1937 gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a Teksas ta Amurka ya tashi da ginin, kusan mutum 300 suka rasu yawancinsu yara, bayan nan ne aka sa dokar saka masa wari. Bai kai iska nauyi ba, sama yake tashi, saɓanin na tukunya da ke kwanciya ƙasa-ƙasa, kuma da ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar ɗaki tartsatsi ɗaya ya isa. Shi ya sa in kin ji warin nan kar ki taɓa makunnin lantarki, kunnawa ko kashewa duk ɗaya ne, ki kwashi yara ku fita ki bar ƙofa a buɗe, sai kin yi nisa sannan ki ɗauko waya ki kira kamfani. In ba wari amma zuciyarki ba ta kwanta ba, shafa kumfar sabulu a mahaɗar bututun, in akwai yoyo za ki ga tana hura ƙwai-ƙwai. Gyaran kuma dan Allah a bar wa masu aikin.

Shi ruwa ɓarawon shiru ne, ba wari ba hayaniya. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya duk daƙiƙa yana zubar da sama da lita 11,000 a shekara, amma wlh wanda ya fi cuta tankin bayan gida ne, robar ƙasansa in ta tsufa ruwa sai ya dinga silalewa dare da rana ba wanda ya sani. Ɗiga 'yar kala a tankin, kar kowa ya ja, bayan minti 15 ki leƙa, in kalar ta sauko cikin masai kin kama shi. Ko ki rufe duk famfunan gidan ki rubuta lambar mita, ki dawo bayan awa biyu. Ta motsa? Akwai inda yake zurarewa. Nan kam ba tashin hankali, robar ma da kanki kina iya canzawa.

Amma abin da ya tsaya min a maganarki shi ne su biyun suka hau tare. Yoyon gas da zai ɗaga bil har ki lura yawanci hanci ya riga mita ji. In hitar ruwanku ta gas ce ita nake zargi, domin duk ɗigon ruwan zafi da ya zube ruwan sanyi ne zai maye gurbinsa, hita ta sake kamawa ta dafa shi, kin ga an caje ki sau biyu kenan kan ɗigo ɗaya. Ki duba famfunan ɓangaren zafi tukuna, sannan ki durƙusa ki leƙa ƙasan hitar ko akwai danshi ko tsatsa. Kina wurin ki kalli harshen wutarta, shuɗi ya kamata ya zama, in rawaya ne yana baƙanta wurin ki kashe ta ki kira mai gyara, alama ce gas ɗin ba ya ƙonewa daidai kuma gubar da yake fitarwa a haka hanci ba ya jin ta.