Man Benzoyil na Ƙurajen Balaga: Abin da Yake Yi da Abin da Ba Ya Yi

Maganin da zan yi sharhi a kansa ba sabo ba ne. Wani farin mai ne mai ɗan kauri da ke zuwa a cikin bututu irin na man goge baki, a jikin kwalinsa an rubuta Benzoyl Peroxide, kamfanoni daban-daban ne kuma suke yin sa, kowanne da sunan da ya laƙaba masa. An fi samunsa da ƙarfi iri uku, wato kashi 2.5 da kashi 5 da kashi 10 cikin ɗari, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya na kashi 5 a jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Na saye shi ne saboda 'yar ƙanina mai shekara 15 da nake riƙo, wadda ƙurajen balaga suka feso wa a goshi da kumatu har ta fara jawo hijabi tana rufe rabin fuskarta idan za ta tafi Islamiyya. Mun yi amfani da shi tun daga damina har zafin bazara ya shigo, don haka na ga halinsa a kowane yanayi.

Kafin a yanke wa maganin hukunci ya kamata a san abin da yake faɗa da shi. Balaga takan fara wa 'ya mace tsakanin shekara 8 zuwa 13, ɗa namiji kuma tsakanin 9 zuwa 14, kuma a wannan lokaci jiki yakan ƙara fitar da wasu sinadarai da likitoci ke kira andurojin, waɗanda ke sa 'yan jakunkunan maiƙo da ke ƙarƙashin fata su girma su riƙa zubo da maiƙo fiye da yadda suka saba. Idan maiƙon ya haɗu da matacciyar fata sai ya toshe ƙofar gashi, wata ƙwayar cuta da dama tana zaune a fatar kowa ta samu wurin hayayyafa, daga nan wurin ya kumbura ya ɗuri ruwa. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na masu shekara 12 zuwa 24 sukan yi waɗannan ƙuraje ko da kaɗan ne. Ke nan ƙazanta ba ita ke kawo su ba, ba su kuma nuna cewa yarinya aure take so, kamar yadda ake tsokanar 'yanmata a gidan biki. Wannan tsokanar da manya ke ɗauka wasa ce ta sa yarinyar nan ta daina shiga hoto da sa'o'inta. Aikin man shi ne ya saki iskar oksijin a cikin ƙofar gashin da ta toshe, iskar da ƙwayar cutar ba ta jure mata, sannan ya taimaka wajen ɓare matacciyar fatar. Abin da ya fifita shi a kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su tetirasaikilin, waɗanda mutane ke saya barkatai a kemis, shi ne ƙwayar ba ta sabawa da shi balle ta bijire masa.

Mai harhaɗa magungunan da na saya a wurinta ta ce mini, "Hajiya, a fara da ɗan kaɗan, yau a shafa gobe a huta, a shafe duk wurin da ƙurajen ke fitowa, ba kan ƙurji ɗaya-ɗaya ba, kuma kada ta sa ran ganin canji kafin wata guda." Lokacin shafawar ni na zaɓa, na tsayar da shi bayan sallar isha'i. Yarinyar da ke alwala sau da yawa a yini, tana wanke fuska sau uku a kowace alwala, idan ta shafa da rana ruwa ne zai yi ta tafiya da maganin, ga shi kuma yana sa fata ta kasa jure wa rana. Da dare kuwa yana samun sa'o'i masu yawa a kan fata kafin alwalar asuba.

Makonnin farko ba su yi daɗi ba, kuma a nan ne nake zargin yawancin masu sayensa ke jefar da shi. Fuskar ta bushe, gefen hanci da haɓa suka riƙa saɓa, akwai kuma ɗan raɗaɗi na 'yan mintuna bayan an shafa. Har yarinyar ta same ni a ɗaki ta ce, "Gwaggo, wannan maganin ƙara ɓata mini fuska yake yi." Ba ta yi ƙarya ba, domin a wancan lokacin ƙurajen suna nan, ga kuma bushewa ta ƙaru a kansu. Sai da wata guda ya shige sannan muka lura cewa sababbin ƙuraje sun rage fitowa, waɗanda suka fito kuma ba sa daɗewa, zuwa wata na uku goshin ya kwanta in ban da 'yan kaɗan da kan taso gab da al'adarta. Wannan ya yi daidai da bayanin hukumar lafiya ta Birtaniya, cewa maganin yakan fara aiki bayan kusan mako huɗu, cikakken amfaninsa kuma yakan ɗauki wata biyu zuwa huɗu. Ina kuma ba da shawarar kada a ruɗu da na kashi 10 bisa tunanin mai ƙarfi ya fi sauri, domin wani bincike da aka wallafa tun 1986 ya nuna cewa na kashi 2.5 yana rage ƙuraje kamar yadda na kashi 10 ke yi, bambancin kawai shi ne mai ƙarfin ya fi ƙona fata.

Aibin da ba wanda ya gargaɗe ni a kansa shi ne yadda yake cinye launin tufafi. Hijabin makarantarta mai ruwan bula ya yi dabbare-dabbaren ja-ja-ja a daidai inda yake taɓa goshi da haɓa, rigar matashin kai da tawul ma haka, kuma babu wankin da ke mayar da launin. Gargaɗin yana cikin takardar da ke cikin kwalin, amma da Turanci aka rubuta ta, da ƙananan baƙaƙen da sai an kai su kusa da ido, wanda a ganina gazawa ce ga maganin da ake sayar wa iyaye a Kano da Katsina da Sakkwato. Mafita ita ce farar rigar matashi, da wanke hannu da sabulu bayan an shafa, da wanke fuska sosai da safe kafin a sanya hijabi.

Sai dai babbar matsalar ba a nan take ba. Man yana kashe ƙuraje, amma ba ya goge tabon da suka bari, kuma a baƙar fata tabon ya fi ƙurjin daɗewa nesa ba kusa ba. Duk inda fata irin tamu ta kumbura, takan tara sinadarin launi a wurin, sai ƙurjin da ya yi mako guda ya bar baƙin ɗigon da zai yi wata shida ko ma fiye da shekara kafin ya dushe. Saboda haka a lokacin da ni nake ganin nasara, ita yarinyar idan ta duba madubi tabo take ƙirgawa. A ajinsu kuwa akwai waɗanda suka shafa haɗi, irin wanda ake durawa a roba babu suna babu lambar NAFDAC, cikin mako biyu fuskarsu ta yi sumul ta yi haske, ana ta yaba su. Wata 'yar uwarmu ma, da kyakkyawar niyya, ta kawo mata irin wannan robar a matsayin tsaraba, tana cewa yarinya ta fara zama budurwa ya kamata a fara gyara ta.

Dalilin saurin aikin haɗin ba ɓoyayye ba ne. Yawancinsa yana ɗauke da maganin kumburi mai ƙarfi na dangin sitiroyid, irin su kulobetasol, wanda ke danne ja da kumburi nan take ya kuma koɗe fata, ana kuma haɗa shi da haidurokwinon mai hana fata yin launi, wani lokaci har da zaiba. Bayan 'yan watanni fatar takan yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, sannan wasu sababbin ƙuraje da shi kansa sitiroyid ɗin ke haddasawa su feso, idan kuma aka daina shafawa fuskar ta rikice fiye da farko, sai a koma a sake saya. Haidurokwinon idan aka daɗe ana shafa shi yakan bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda yake da wuyar magani. Dokar Najeriya ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin ɗari a kayan shafa ba, kuma a farkon 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar, tana kafa hujja da ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da mayukan haskaka fata.

Duk wannan bayanin na yi wa yarinyar, amma ban ga alamar shi ne ya shige ta ba. Yarinya mai shekara 15 ba ta auna abu da abin da zai faru bayan shekara biyar, tana auna shi ne da abin da ƙawayenta za su ce ranar Litinin. Da muka yi ta hira sai na gane cewa tambayar da ke ranta ta wuce ta ƙuraje, so take ta ji ko launin da Allah Ya yi ta da shi ya isa, a garin da ake zuba man haskaka fata a akwatin lefe, ake kuma yabon amarya da cewa ta yi fari. Man benzoyil ba shi da amsar wannan tambayar, kuma ina ƙirga hakan cikin alherinsa, domin ya bar mata launinta yadda ya same shi. Amma duk uwar da ta saya ta miƙa wa 'yarta ta juya baya, ta sani cewa robar haɗin ce za ta yi nasara, saboda ita ce ke ba da abin da ake yabo. Abin da ya rage tabon a wurinmu shi ne daina matse ƙuraje da farce, da daina goga lemun tsami da man goge baki, da rage basilin da man kitso a gaban goshi, da guje wa tsakar rana, sai kuma haƙurin watanni.

Yanayi ma yana da tasiri a kansa. Da hunturu ya kankama bushewar ta ninka, har gefen bakinta ya fara tsagewa, dole muka koma shafawa dare biyu ko uku a mako tare da man laushin fata marar maiƙo, domin idan aka bari maganin ya ƙona baƙar fata, ƙunar da kanta takan bar tabo. Zafin bazara kuma da tasa damuwar. A watan Maris na 2024 wani ɗakin gwaje-gwaje a Amurka mai suna Valisure ya sanar da cewa maganin yana iya rikiɗewa ya fitar da sinadarin benzin, wanda aka san yana haddasa sankarar jini, idan ya daɗe a wuri mai zafi. Bayan shekara guda hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta gwada kayayyaki 95, ta samu shida da benzin ɗinsu ya yi yawa, sama da kashi 90 cikin ɗari kuwa babu shi ko kuma ɗan kaɗan ne ƙwarai. Wannan bai sa na daina amfani da shi ba, amma a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ba zan saye shi a shagon kwano da rana ke dukansa tun safe ba, ba zan kuma bar shi a mota ko a bakin taga ba. Na fi son kantin magani mai rajista da ke da sanyi, ina duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kuɗinsa ya tashi kamar sauran magungunan da ake shigowa da su tun bayan faɗuwar naira a 2023, sai dai da yake kaɗan ake shafawa, bututu ɗaya yakan daɗe.

Akwai kuma waɗanda maganin ba zai wadatar da su ba, na ga hakan a kan ɗana mai shekara 17. Bai taɓa yi mini maganar ƙurajensa ba, kamar yadda samari ba sa yi, tawul ɗinsa da ya koɗe ne ya tona cewa yana ɗiban man ƙanwar tasa a ɓoye. Nasa ƙurajen manya ne masu zurfi da zafi, a muƙamuƙi da baya da ƙirji, irin waɗanda suka fi kama maza, kuma man bai yi musu wani abin kirki ba. Irin waɗannan su ne ke barin rami a fuska har tsufa, don haka wurin likitan fata ya dace a kai su da wuri, kuma manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da sashen fata. A can ne ake haɗa man shafawar da ƙwayoyin sha na ƙayyadadden lokaci, idan abin ya yi tsanani kuma a ba da wani magani mai suna aisotiretinoyin. Wannan na ƙarshen yana nakasa ɗan tayi, saboda haka budurwar da aka sanya wa ranar aure dole ta faɗa wa likita kafin ya rubuta mata, kuma ko kusa ba maganin da za a saya a kemis ba ne don an ji wata ta sha ta warke.