Gargaɗi: ba a biyan ko sisi kafin a shiga ganuwar Rodos, kar ku tura wa mutumin nan kuɗi

Salam jama'a. Dan Allah duk wanda yake shirin hawa irin manyan jiragen ruwan nan na yawon buɗe ido masu zagaya tsibiran Girka, ko yana da ɗan'uwa da zai hau, ya daure ya karanta wannan har ƙarshe. Na jima ina shawarar in rubuta ko in yi shiru don wlh abin da kunya, mutum da gemunsa a ce an wanke shi tas, amma da na ga har yanzu mutumin da ya damfare ni da tikitin bogi yana zuba tallarsa a guruf-guruf na WhatsApp sai na ga shiruna cutar da wani zai yi.

Ni a Jamus nake zaune da iyali. Hajiyarmu ta zo mana ziyara, bizarta ta Shengen ce kuma Girka na ciki, sai muka ce bari mu fita da ita ta ɗan sha iska kafin ta koma gida. Mu huɗu ne, ni da maiɗakina da Hajiya da ƙanwata. Jirgin daga Piraeus ya tashi, tashar ruwan birnin Athens ke nan, yana bi tsibiri-tsibiri, duk inda ya tsaya a ba ku wasu awanni ku sauka ku zaga ku dawo. Ɗaya daga cikin wuraren shi ne Rodos, tsibirin nan da ke dab da Turkiyya.

To a wani guruf na Hausawa mazauna Turai na ga tallarsa. Saƙon murya yake turawa, Hausa ras, sai ya fara da salati kafin ya ce komai, kowa Alhaji ne a bakinsa. Ya ce shekara da shekaru yana zaune a Rodos, aikinsa ke nan tarbar 'yan'uwa musulmi. Abin da ya lissafa mini: tikitin shiga tsohon gari, mota daga bakin jirgi, ɗan rakiya musulmi, sallar azahar a masallacin Sarki Sulaiman, abincin halal, har da kai mu ganin wani ƙaton mutum-mutumi da ya turo hotonsa tsaye a bakin teku jirage na wucewa ta tsakanin ƙafafunsa. Yuro 65 kowane mutum. Da na ce masa ai kamfanin jirgin ma suna sayar da nasu zagayen, sai ya ce Alhaji nasu ya fi tsada kuma inda ake cin alade za su kai ku, ga Hajiya a tare da ku. Nan ya kama ni gaskiya. Sannan ya ƙara da cewa gwamnati ta ƙayyade yawan mutanen da ke shiga ganuwa a kullum, gurbi shida ya rage masa a ranar, in ban biya ba kafin dare ba ruwansa.

Lambar akawun ɗin da ya turo ta naira ce, kuma sunan mace ne a kai, ya ce matarsa ce. Maiɗakina ta ce Abban yara, mutumin da ke zaune a Girka me ya haɗa shi da karɓar naira? Na ce mata ke dai kin cika zargi. Na sa aka tura masa kwatankwacin yuro 260. Ko minti goma ba a yi ba ya turo takardu huɗu masu kyau, hoton ganuwa a sama, sunayenmu a ƙasa, ga irin zanen nan na QR a gefe.

Ranar da muka iso, da safe na leƙa ta saman jirgi sai ga ganuwar nan a gabanmu, kusa sosai. Tun a nan jikina ya fara ba ni wani abu, don in dai wannan ce ganuwar to motar me kuma? Muka sauka, masu tarbar baƙi kowa riƙe da kwali da sunan mutanensa, babu namu. Na kira, tana shiga ba a ɗauka. Muka tsaya wajen minti arba'in a rana. Ƙarshe ƙanwata ta ce Yaya mu bi mutanen nan mana tunda duk can suka nufa. Da ƙafa, da Hajiya da ciwon gwiwarta, ba mu yi minti goma sha biyar ba muka kai ƙofa.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Na tsaya a bakin ƙofar riƙe da waya na buɗe QR ina waige-waige ina neman wanda zai duba. Babu maigadi, babu shinge, babu ɗakin sayar da tikiti. Mutane na shiga na fita, wani ya wuce a kan babur, har kyanwa ta wuce ta gabana ta shige abinta. Na nuna wa wata mata mai sayar da 'yan tsarabobi, ta kalli wayar ta kalle ni, ta girgiza kai ta nuna mini hanya da hannu alamar wuce kawai. Hajiya ta tambayi abin da ake ciki, da ƙanwata ta yi mata bayani sai ta ce, kai ɗan nan, yanzu da kuɗi ka sayi izinin shiga Ƙofar Nassarawa?

Kuma haka abin yake. Tsohon garin Rodos gari ne da mutane ke zaune a ciki, da gidajensu da shagunansu da shanyarsu a igiya. Ganuwar ta dutse ce, tsawonta wajen kilomita 4, ƙofofinta da yawa kuma a buɗe suke, ba wanda zai tambaye ka komai. Hatta ramin da ke zagaye da ganuwar, wanda babu ruwa a ciki, kyauta ake bi a yi yawo, za ka ga mulmulallun duwatsun igwa na zamanin yaƙi a zube. Inda ake biya sanannu ne, kamar fadar shugaban baraden Kirista da suka taɓa riƙe garin, da gidan tarihin da ke cikin tsohon asibitinsu, kuma a bakin ƙofarsu ake yankar tikiti a ba ka a hannu. Ba ka buƙatar wani dillali.

Tunda mun riga mun shiga sai muka ce ba za a haɗa mana asara biyu ba, muka zaga da kanmu, kuma wlh garin ya cancanci a gan shi. Baraden Sent Jon, wata ƙungiyar mayaƙan Kirista, su suka kama shi wajen 1309 suka riƙe fiye da shekara 200, su suka yi wannan ganuwar mai kauri. Layinsu na nan har yanzu, shimfiɗe da duwatsu, kowane yare da masaukinsa, Faransawa nasu daban Italiyawa nasu daban, ya miƙe har fadar. A 1522 Sarki Sulaiman na daular Usmaniyya ta Turkiyya ya yi musu ƙawanya ta kusan wata shida, suka miƙa wuya suka fice a farkon 1523, daga baya suka koma Malta. Turkawa suka riƙe wurin kusan shekara 400 har Italiya ta karɓe a 1912, sai bayan yaƙin duniya na biyu ya koma hannun Girka. Fadar ma da ake gani yanzu Italiyawa ne suka sake ginawa a shekarun 1930, don ta asalin albarushi ya tashi da ita a 1856. UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988. Duk wannan a rubuce yake a alluna da 'yan littattafan da ake sayarwa a wurin.

A nan ne kuma na tabbatar mutumin nan ko a mafarki bai taɓa taka Rodos ba. Masallacin Sulaiman da ya ce za mu yi azahar a ciki yana nan, a saman layin kasuwa da ake kira Sokratus, mai launin ja-ja, ga tsohon ɗakin karatun musulmi na 1793 yana kallonsa. Amma wurin tarihi ne yanzu, ba a nan ake salloli biyar ba. Wanda musulman garin ke sallah a ciki shi ne na Ibrahim Pasha, ginin 1540, yana cikin lungu, sai da muka yi tambaya muka same shi. Wanda ya ce shekara da shekaru yana tarbar musulmi a garin ai wannan ne abu na farko da zai sani. Shi kuwa ƙaton mutum-mutumin, Kolosus, girgizar ƙasa ta kayar da shi tun wajen shekara 226 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Hoton da ya turo zane ne. Abin da ke bakin tashar Mandraki yau gumakan barewa ne guda biyu a kan ginshiƙai. Hajiya ta ce dama ita ba ta zo kallon gunki ba.

Wajen sha ɗaya sai ga kiransa. Murya na rawa, innalillahi, wai direbansa ya yi haɗari yana asibiti, amma ya samo wani da zai ɗauke mu har Lindos, wani tsohon gari a tsibirin, a matsayin ban haƙuri, in dai zan tura yuro 80 na mai yanzun nan. Na ce masa ina tsaye a cikin ganuwa kuma ba wanda ya tambaye ni tikiti. Ya yi shiru, ya ce netwok, ya kashe. Daga nan ban sake ganin hotonsa a WhatsApp ba.

Wannan kira na biyun shi ya fi tayar mini da hankali, don da daddare a wurin cin abinci a jirgi muka haɗu da wasu iyali 'yan Najeriya, ashe su ma ya yi musu, kuma su sun tura kuɗin man. Suka zauna jiran mota har bayan ƙarfe ɗaya, da suka gaji kuma ran yaran ya riga ya biya sai suka ɗauki tasi da kansu zuwa Lindos. Lindos wajen kilomita 50 ne daga garin, awa guda zuwa awa guda dawowa in hanya lafiya, ga hawan dutse kafin ka kai kangon da ke sama. Da gudu suka iso jirgi, uwar tana haki ta ce ba ta taɓa addu'a irin ta ranar ba. Ku gane, jirgin ruwan nan ba motar tasha ba ce da za ka ce direba dakata. Ana rubuta lokacin da kowa zai dawo a bakin matakala, yawanci rabin awa kafin tashi. In zagayen kamfanin jirgin ka saya aka makara, su ke da alhakinka. In da kanka ka fita ka makara, tafiya za su yi, kai za ka nemi hanyar cim musu a tasha ta gaba da kuɗin aljihunka, kayanka kuma na cikin ɗaki. Ga wanda ke da jan fasfo na Turai wannan wahala ce kawai, amma mai koren fasfo da bizar kwanaki ƙidayayyu, ku ƙiyasta da kanku.

Wani ƙaramin abu kuma da ba ruwan mutumin a ciki amma gara ku sani. A cikin garin akwai masu tsayawa bakin gidajen abinci suna kiran mutane da fara'a. Mun zauna a wani muka ce lemo, ba mu tambayi girma ba ba mu ga farashi ba, sai ga shi an kawo a wani ƙaton kofin gilas mai siffar takalmin but, ɗaya ya isa mu huɗu amma huɗu aka dire. Kuɗin da aka ce mu biya ya kusa na abincin rana. Ku nemi takardar farashi kafin ku zauna, ku ce ƙarami kuke so, ku kuma nemi rasit. A Girka doka ce, za ku ga an manna a shaguna cewa mai saye ba dole ne ya biya ba in ba a ba shi rasit ba.

Kuɗina dai har yau shiru. Na kai rahoto banki, amma abin da ka tura da hannunka dawo da shi ba abu ne mai sauƙi ba. Da ta kati na biya a shafin kamfani mai rajista da ina da inda zan kama. Da na koma na bi hotunan da yake ɗorawa ɗaya bayan ɗaya, babu ko guda da fuskarsa a ciki, duk na intanet ne, kuma ban taɓa ce masa ya kira ni ta bidiyo daga bakin ganuwar da yake cewa a gindinta yake kwana ba. Minti ɗaya da ya ishe ni.

Satin da ya wuce ƙanwata ta turo mini wani saƙon murya daga wani guruf ɗin daban. Sabuwar lamba, sabon suna, amma muryar ce dai da salatin nan nasa. Yanzu wai a Malta yake zaune, yana sayar da tikitin shiga Valletta, saura gurbi shida. Valletta ma babban birnin ƙasa ne, da ƙafa ake shiga ta ƙofa ba a biyan komai. Na tura wa masu kula da guruf ɗin hujjojina sun cire shi, amma ban san guruf nawa yake ciki ba. Duk wanda ya taɓa tura masa kuɗi ya yi mini magana ta akwatin sirri da rasit ɗinsa da hoton hirarsu, muna haɗawa ne mu kai EFCC gaba ɗaya.