Wane injin huda ƙanƙara ya dace da mai bin kifin kirafi?

Duk wanda ya yi hunturu a jihar Minesota ta Amurka ya san yadda tafkuna ke daskarewa har mutum ya taka a kai da ƙafa, ya huda rami, ya zura fatsa. 'Yan'uwa da suka zo kwanan nan suna yawan tambayata abin da ya kamata su fara saya in suna son gwada wannan su ɗin. Amsata ba ta canzawa: kafin tanti, kafin na'urar leƙen ƙarƙashin ruwa, ka fara daidaita maganar abin da za ka huda ƙanƙarar da shi. Musamman in kirafi kake nema.

Kirafi kifi ne mai faɗi, siffarsa ta ɗan yi kama da karfasa, bakinsa siriri kamar takarda, namansa fari. Halinsa a lokacin sanyi shi ne ya sa nake wannan rubutu. Ba ya zama wuri ɗaya. Garke-garke yake yawo a saman wurare masu zurfi, ba a ƙasa can ba, ba kuma dab da ƙanƙara ba, a tsakiyar ruwa yake rataye yana bin ƙananan halittun da yake ci. Ramin da ya ba ka kifi biyar a jere zai iya mutuwa murus cikin minti goma, alhali garken yana nan taku ashirin daga inda kake zaune. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, haka ma kirafi. Dave Genz, ɗan Minesota da ya yi suna wajen koya wa masunta yawo a kan ƙanƙara maimakon kafewa a rami ɗaya, a kan wannan ya gina duk salonsa. Ranar da na fita da gaske nakan huda rami talatin, wata rana fiye. Don haka tambayata ga kowane inji guda ɗaya ce: bayan rami na ashirin, zan iya jin sha'awar huda na ashirin da ɗaya?

Na hannu, wanda ake murzawa da ƙarfin damtse, yana da kyau a farkon hunturu lokacin da ƙanƙara ba ta wuce inci 6 ko 8 ba. Da ta kai ƙafa biyu a watan Fabrairu, rami na biyar zai zaunar da kai. Mai fetur kuwa na daina ko kallonsa: nauyi, hayaƙi, haɗa mai da fetur, ga jan igiya cikin sanyi yana tari ya ƙi tashi. Mai gas ya fi shi tsabta, amma nauyin yana nan. Masu batir na musamman, irin na ION ko StrikeMaster, injina ne na ƙwarai, ba ni da abin zargi a kansu sai tsada da kuma cewa batirinsu ba ya yi maka wani aiki a gida.

Wanda zuciyata ta kwanta da shi shi ne haɗin nan na injin hujin kafinta mai batir da sandar huda mara nauyi, irin su K-Drill, ko Lite-Flite na StrikeMaster, ko Pistol Bit na Eskimo. Ka ɗaura sandar a bakin injin, ka matse, shi ke nan. Da hannu ɗaya nake ɗaukarsa, ɗayan hannun riƙe da na'urar leƙe. In huda, in zura, in ban ga alamar kifi a tsakiyar ruwa ba in yi gaba, ban ko sauke fatsa ba. Da bazara kuma injin ya koma aikin gida.

Girman rami shi ne inda mutane da yawa ke ɓarar da kuɗi. Suna ganin na inci 8 ko 10 ya fi cika ido. Yi lissafi: faɗin fuskar rami mai inci 6 kusan murabba'in inci 28 ne, na inci 8 kuwa 50. Ke nan kusan ninki biyu na ƙanƙara kake sa batirinka ya tauna a kowane rami, don kifin da zai fito ta inci 6 ba tare da wata gardama ba. Sai in kana da niyyar neman manyan kifaye da wannan sandar, amma don kirafi inci 6 ya wadatar.

Injin hujin da kansa ba kowanne ba ne zai iya. Nemi mai batir na bolt 18 ko 20, wanda injin cikinsa ba shi da burushi (irin da ake kira brushless), mai baki rabin inci, kuma lallai mai mariƙi na gefe. Wannan mariƙin kada ka raina shi. A daidai lokacin da wuƙa ke fasa ƙasan ƙanƙara takan cije, injin ya juya da ƙarfi, wuyan hannu ne ke sha. Ka sa shi a giya ta ɗaya, ka kashe yanayin bugu irin na huda kankaren siminti, kada ka danne, bar wuƙa ta ja kanta. Ka riƙa duba matsin bakin bayan 'yan ramuka, domin sanda takan sulluɓe ta bi rami. Ta K-Drill tana da abin da ke sa ta yi iyo. Wasu suna da faifai a sama da ya fi rami faɗi. Wadda ba ta da ko ɗaya, kada ka saya.

Yanzu ga inda aka taɓa cutata, kuma shi ne dalilin da na fi tsawaita magana a kai. Batir shi ne ran wannan haɗin, kuma jabunsa ya cika kasuwar intanet. Na ga wasu guda biyu a ƙasa da kuɗin ɗaya na asali, launi iri ɗaya, an rubuta musu ƙarfin da ya ma fi na asalin. Na saya. Ranar da na fita da su na yi tafiyar kusan rabin awa a ƙasa ina jan kaya zuwa tsakiyar tafki. Na farko ya mutu a rami na bakwai, na biyu bai kai haka ba. Rana na shirin faɗuwa, daidai lokacin da kirafi ke fara ci, ina tsaye ina kallon mutane can nesa suna ɗago kifi, ni kuwa ba ni da halin matsawa ko taku ɗaya. Na koma neman mai sayarwar, shagon ya ɓace daga shafin gaba ɗaya. Araha ba ta ado.

Daga baya na ɗora jabun a tafin hannu ɗaya, na asali a ɗayan. Bambancin nauyin kaɗai ya isa shaida. Batir na gaske cike yake da ƙwayoyi masu nauyi; in an ce maka ƙarfinsa ya ninka amma ya fi sauƙin ɗauka, ƙarya ce. Duba rubutun jikinsa, na jabu yakan zo da kuskuren harafi ko takarda a karkace. Duba yadda yake shiga injin, in yana girgiɗi ko sai an tura da ƙarfi, ajiye shi. Kalmar nan ta "ya dace da inji kaza" da suke rubutawa ba tana nufin kamfanin ne ya ƙera ba. Kuma asarar kuɗi ita ce ƙaramar matsala, domin irin waɗannan sau da yawa ba su da kariya mai kyau daga zafi ko cikar caji, batirin litiyam kuwa in ya kama wuta ba ƙaramin tashin hankali ba ne a cikin gida ko gareji. Ka sayi biyu na asali, masu ƙarfin amfiya-awa (Ah) 5 zuwa sama, a shagon da za ka iya komawa da rasit. Na ajiya ka sa shi a aljihun ciki kusa da jiki, domin sanyi yana rage masa ƙarfi. Kada ka sa shi caji yana daskare, bar shi ya yi ɗumi a ɗaki tukuna.

'Yan damfara ba su tsaya a batir ba. Duk shigowar hunturu za ka ga tallace-tallace a shafukan sada zumunta, wai wani shago zai rufe yana zubar da injinan huda da na'urorin leƙe a kuɗin da bai kai na wuƙaƙensu ba. Hotunan na sata ne, adireshin shafin ya yi kama da na gaske amma an ƙara harafi ɗaya. Wuƙaƙen canji ma akwai na jabu, suna sheƙi a cikin leda, a kan ƙanƙara kuma sai su yi ta zamewa ba sa kamawa. In kuma wanda aka taɓa amfani da shi za ka saya daga wani, juya sandar ka duba wuƙar da kyau. Wuƙa mai santsi irin ta aski yashi kaɗan ke dakushe ta, kuma duk wanda ya saba buga ta a ƙasan rami ya riga ya lanƙwasa mazauninta. Mai haƙora ta fi jure datti da sake buɗe tsohon rami, ko da yake ta fi cin batir.

Na'urar leƙe ita ce saye na biyu. Tsohuwar Vexilar mai fitilu ja da ruwan lemo da kore ta ishe ni. LiveScope na Garmin da ya fito a 2018 yana nuna garke daga nesa, amma kuɗinsa da nauyinsa sai wanda ya riga ya nutse a harkar.

Ramin farko da za ka huda a bakin gaɓa na awo ne, ba na kifi ba. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minesota ta ce sai sabuwar ƙanƙara mai garai-garai ta kai inci 4 kafin a taka da ƙafa, farar ƙanƙara kuwa a ninka kaurin, domin ƙarfinta rabi ne. Ka riƙa aunawa kana tafiya. Lasisi wajibi ne, fatsa biyu aka yarda a yawancin tafkuna lokacin ƙanƙara, kirafi goma ne iyaka, wasu tafkunan biyar, don haka duba dokar tafkin kafin ka fita. In kuma garken da ka samu yana zurfin da ya kusa ƙafa 30 ko ya wuce, wanda ka ciro da wuya ya rayu ko ka mayar da shi, saboda canjin matsin ruwa. Kamo na miyarka ka tashi daga wurin.